Kwamfutar Ihsan Ta Tafi Legas

Litinin, 13 ga Janairu, bayan la'asar

Kwamfutar Ihsan ta kama ciwon. Da safe tana zaune bakin gado tana zana wuyan riga, sai ta ce, "Baban Maryam, zaka ka gani." Layuka kore da ja sun sauko daga saman fuskar har ƙasa, zanen ya daskare, daga nan fuskar ta yi baƙi ƙirin, fanka kuwa sai gudu take. Ban ko taɓa ta ba na san abin da ke damunta. Cif ɗin hoto ne, ɗan abin nan mai faɗin kwalin ashana da ke manne a jikin bod, wato babban faifan da ke cikin kwamfuta, wanda shi ke fitar da duk abin da ido ke gani. Irin wannan laftof ɗin guda shida aka kawo mini daga damina zuwa yau, dukkansu ciwo ɗaya.

Shekarata goma sha biyu ina gyaran kwamfuta a Jega. Daga Aliero ana kawo mini, daga Maiyama ana kawo mini, duk wanda ya sauka a tasha ya ce Surajo mai gyara, za a nuna masa shagona. Na ce wa matata ta miƙo, kafin azahar zan dawo mata da ita tana aiki. Sai ta rufe ta, ta ɗora hannu a kai, ta ce bari ta fara kiran Imrana.

Na sa takalmina na tafi shago. Ko shayin ban ƙarasa ba.

Talata, 14 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta a nan, tunda duk wanda na gaya wa dariya zai yi mini.

Imrana ɗan kawunta ne na Maiyama, wato taubashinta. Yana da ɗan kafe a Aliero inda yake cika wa ɗalibai fom yana buga musu takardu. In ka miƙa masa ƙarfen dalma, wallahi ta wajen zafin zai kama. Amma Allah ya hore masa zaman duba waya, kuma a nan ya tsinci sanarwar. Wai kamfanin da ke ƙera irin waɗannan kwamfutoci ya yarda cewa cif ɗin tun daga can ya zo da lahani, saboda haka duk wanda tasa ta lalace za a canza masa bod kyauta, ko da garantinsa ya ƙare. Sharaɗi biyu ne. A kai ta ofishinsu na Legas kafin ƙarshen wannan wata, kuma ya zamana wani mai gyara bai taɓa buɗe ta ba.

Wani mai gyara. Ni ke nan.

Garantin ta Ihsan tun Oktoba ya ƙare. Albasar shekara biyu ta gonar da babanta ya bar mata a Kashin Zama ita ta zama wannan kwamfutar, kuma da ita take zana surfanin da keken Kalilu tela ke ɗinkawa. Ita ta zana ta sa a filash, shi ya soka a keke, zare ya bi. Kalilu yana son sabon zane arba'in kafin azumi saboda ɗinkin Sallah, kuma ya riga ya faɗa cewa in ba ta shirya ba akwai wani a Birnin Kebbi. Tsofaffin kwamfutocin da ke jibge a shagona ko buɗe manhajar da take aiki da ita ba sa iyawa.

Na ce mata abin da ya shiga Legas ba ya fitowa da wuri. Na ce aikin awa ɗaya ne a wurina, in buɗe, in shafa mai, in hura wa cif ɗin iska mai zafi da bulowa har dalmar da ke ƙarƙashinsa ta narke ta sake kamawa. Ta saurare ni har na dasa aya, sannan ta ce, "Naka gyaran wata nawa shika yi?"

Wata uku. Wani lokaci huɗu. Ta sani, don a gabanta nake amsa wayar masu dawowa. Akwai dai wanda ya yi wata tara, shi ba ta tuna da shi ba.

Laraba, 15 ga Janairu, bayan magariba

Imrana ya zo gidan da la'asar, da farin takalmi da turaren da ya riga shi shigowa. Tun daga zaure yake cewa, "Ina matata? Injiniya, aro nib ba ka hwa, na zaka in ga ko kana kula da ita."

Haka taubasai ke yi, na sani. Ni ma ina da nawa a Karaye, kuma ba abin da ba na gaya musu. In ka ɓata rai a kan wasan taubashi, kai ne abin dariyar dangi har 'ya'yanka su girma su ji labari. Saboda haka na yi dariya, har da miƙa masa hannu muka tafa.

Ita kuwa ta ce masa mijin da bai iya sa ƙwan fitila ba ko kyauta ba ta so. Maganar ta yi mini daɗi. Dariyar da ta biyo baya ce ba ta yi mini ba, irin wadda take jefa kai baya har ɗankwali ya zame. Rabon da in ji ta tun kafin haihuwar Maryam.

Ya kife kwamfutar, ya ɗauki hoton lambar da ke ƙasanta, ya yi ta latsa waya da manyan yatsunsa biyu, sai ya ce tana cikin waɗanda za a gyara. Ihsan ta yi hamdala sau uku tana kallonsa kamar shi ya ƙera ta. Minti biyu, da yatsu biyu.

Ranar Alhamis ta sama zai aika da kason ƙarshe. Kwamfutar takan kawo na ɗan lokaci in ta kwana ta huce, don haka Ihsan za ta riƙa kwashe zanenta da sassafe. Ni zan kai masa ita Aliero ranar Laraba, tunda dama ina zuwa karɓar aiki wurin ɗalibai. Su suka tsara, ni kuma na ce to. Na zama ɗan aike ke nan.

Tuwo malmala biyu ya ci.

Juma'a, 17 ga Janairu, kafin masallaci

Sau huɗu ta ambaci sunansa kafin in gama karin kumallo.

Asabar, 18 ga Janairu, ƙarfe biyu

Malam Ummaru ya zo, malamin makarantar nan da na gasa wa tasa a watan Oktoba. Ta sake mutuwa. Ya je wurin Imrana, shi kuma ya tambaye shi ko an taɓa buɗe ta, da ya ji an gasa sai ya ce kamfani ba zai karɓa ba. Malam bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko na san da sanarwar lokacin da na sa mata wuta. Na rantse masa ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya sa abarsa a jaka ya fita a hankali.

Yahaya mai tsire na maƙwabtaka duk yana ji. Da Malam ya tafi sai ya leƙo ya ce ashe ni da shi sana'armu ɗaya, shi dai nasa gashin ana ci. 'Yan acaba suka kwashe da dariya. Ba wanda ya tuna shekarun da babu wani kamfani, babu wata sanarwa, sai ni da bulowata muna tashin matattu ɗalibai na gama makaranta.

An ce a Aliero har layi ake yi a ƙofar kafen Imrana. Ban tambaya ba, gaya mini aka yi.

Litinin, 20 ga Janairu, bayan azahar

Uku da Imrana ya aika tun watan jiya sun dawo da sabon bod. Ya jera su a kan tebur ya ɗauki hoto ya sa a waya, shi yana tsaye a baya ya harɗe hannu, sai ka ce likitan da ya fito daga tiyata. Abin da ya yi bai wuce cika fom da ɗaure kwali ba.

Ihsan ce ta nuna mini. Ta ce, ka gani? Na ce na gani.

Ina jin kishi, bari in rubuta shi da sunansa. Ba zargin komai nake ba, Allah ya sani, Ihsan ba haka take ba, shi ma yana da wadda aka sa masa rana da ita. Abu ɗaya ne na iya a duniya, ya lalace a cikin ɗakina, kuma matata ta tsallake ni ta kira wani.

Laraba, 22 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Ta gama kwashe zanen. Ta goge kwamfutar da tsumma, ta naɗe ta a zanenta na atamfa mai ganye, ta sa a jakata da kanta. Ta ce in bi a hankali wajen ramukan nan na bayan gari. Har na tayar da babur ta sake fitowa ta ce, "Na gode, Baban Maryam. Na san abin bai yi maka daɗi ba."

Zan biya ta shago in ɗauki wani abu.

Laraba, bayan magariba

Ban je Aliero ba. Na ce mata taya ce ta yi faci. Tayar lafiyarta ƙalau.

Yahaya ya tambaye ni me ya sa na rufe ƙofar shago da rana tsaka ina ciki. Na ce kaina ke ciwo. Abin da ya faru tsakanin azahar da la'asar ba zan rubuta shi ba.

Alhamis, 23 ga Janairu, ƙarfe ɗaya

Na kai masa. Layin da ake faɗa mutum biyar ne, ba wani layi ba ne.

Na tsaya ina kallon yadda yake yi. Kowace kwamfuta sai ya kife ta, ya haska ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mai ita ko an taɓa kai ta wurin gyara. Biyu ya mayar a gabana. Sai ya zo kan ta Ihsan. Ya warware zanen, ya ninke shi ya miƙo mini, ya ce, "Wagga ta gida ta, ba sai na duba ba." Ya cika fom, wurin da aka tambaya ko an buɗe ya rubuta a'a, ya sa hannu da sunansa.

Ya sayo mini lemo mai sanyi. Ya ce in gaida matarsa. Na sha rabi na bar sauran a kan benci.

A hanya na yi ta lissafi. Ƙusoshin na mayar da su daidai, ban goge kan ko ɗaya ba, hannuna ba ya barin shaida a waje. Mutanen Legas kwamfuta nawa ke gabansu? Ɗaruruwa. Cire tsoho za su yi su jefa a kwando, su sa sabo. Wa ke da lokacin ƙare wa mataccen bod kallo?

Litinin, 27 ga Janairu, bayan la'asar

Ihsan ta koma takarda da fensir. Ta ce in kwamfutar ta dawo sai dai ta kwafa kawai, aikin ya yi sauri. Ta zana goma sha ɗaya zuwa yau. Akwai wani mai kama da ganyen albasa da ya nannaɗe, ban taɓa ganin irinsa a wuyan kowa ba. Ta tambaye ni ko ya yi, na ce ba laifi. Ya fi ƙarfin ba laifi.

Kwana biyun nan sai lallaɓa ni take, har da dambun nama. Ni kuma ko me ta yi sai in ji haushi. Jiya na yi mata tsawa a kan cajar waya.

Juma'a, 31 ga Janairu, da hantsi

Yau kamfani ke rufe karɓa. Tata tana can tun Litinin, Imrana ya turo mata shaidar isa. Ita ya turo wa.

Talata, 4 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya

Kalilu ya biyo ta shago yana tambaya. Na ce mako mai zuwa in sha Allahu. Ya ce shi dai shaddodin mutane sun fara taruwa.

Wani ɗalibi ya kawo irin tata, da layukan nan kore da ja. Na ce ba na yi. Ya ce ai an rufe na kamfani, na ce duk da haka.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan azahar

Ranar da na rufe ƙofar shago, minti goma sha ɗaya kwamfutar Ihsan ta yi tana aiki. Na duba agogo.

Ba ɓata ta na yi niyya ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. So na yi in shiga gida da la'asar in ajiye ta a kan gado a kunne, in ce ga ta nan, a gaya wa na Aliero ya huta. Na yi irin aikin nan ya fi sau ɗari. Na san lokacin da ake janye bulowa, hannuna ya sani ko ban duba ba. To da lokacin ya yi sai na ji muryarta tana tambaya wata nawa yake yi. Na ce wannan ba wata uku za ta yi ba, shekara za ta yi. Na ƙara mata wuta kaɗan. Kaɗan ne, bai kai a karanta Fatiha sau biyu ba.

Da ta huce na haɗa, ta kawo tas. Wuyan rigar da take zanawa ranar nan ya fito, shuɗi da ruwan zinare, ko layi ɗaya babu. Na zauna ina kallo ina murmushi ni kaɗai, har na fara shirya abin da zan ce. Daga nan na ji ƙauri.

Ko fanka ba ta sake juyawa ba.

Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da safe

Shiru. Duk lokacin da wayarta ta yi ƙara sai in kasa kunne. Zane ashirin da shida.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe uku

Imrana ya zo shago da kwali a hannu. Ba turare, ba matata. Ya jawo ƙofa da kansa ya zauna a kan bencin masu jira.

Bakwai ya aika, shida sun dawo da sabon bod. Ya miƙo mini takarda mai hoto. Sun ɗauki bod ɗin Ihsan, sun zagaye wurin da jan biro. Gefen cif ɗin ya yi launin ƙasa-ƙasa, ya kumbura, man da na shafa ya bushe a kewaye. A ƙasa sun rubuta cewa wani ya sa mata zafi, saboda haka ba ta cikin alkawarinsu.

Ya ce, "Yaya Surajo, dut Jega mutum guda ka mai da ƙusa haka ba a gane ba."

Na so ya zage ni, na ma shirya amsa. Sai ya ce shi bai gaya mata komai ba tukuna. Zai ce mata shi ya yi kuskure wajen rubuta lambar, kafin a gano lokaci ya ƙure. Na tambaye shi don me. Ya ce, "Ni in ta yi hushi da ni, wata guda ta huce, taubashi ba shi da zuciya. Kai gida guda kuka kwana. Kak ka ce komi."

Ya karɓi takardar daga hannuna ya ninke ya sa a aljihu. Ya ɗauki kwalin, ya ce gidan zai wuce yanzu, in ba shi rabin awa kafin in biyo.

Ban taɓa ƙin mutum kamar yadda na ƙi shi a wannan lokacin ba. Fom ya fi ni iyawa, dariya ya fi ni sa ta, yanzu kuma halin kirkin ma ya riga ni. Na zauna na ba shi rabin awar.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, bayan asuba

Ba ta yi kuka a gabansa ba, sai da ya tafi. Ta ce lamba goma sha biyu kawai, mutumin da aikinsa ke nan kullum. Ta ce na mutanen waje shida ya rubuta daidai, nata ne ya raina don ta gida ce. Ta yi ta nanatawa, ta gida ce, ta gida ce.

Na ce ta yi haƙuri, kowa na kuskure.

Ni na faɗi haka. Da bakina.

Asabar, 15 ga Fabrairu, ƙarfe sha biyu

Kalilu ya ce zai jira zuwa Juma'a, daga nan zai kira na Birnin Kebbi. Bai yi laifi ba, saura mako biyu azumi. Ihsan ta kai masa takardun ya gani, ya juya su ya yaba, ya ce sai dai kekensa ba ya cin takarda.

Na zaga wurin duk wanda na sani da babbar kwamfuta ko za a ba mu aro. Ɗaya na wurin aiki, ɗaya ta mutu da irin ciwon.

Litinin, 17 ga Fabrairu, bayan la'asar

Magana ta girma. Ihsan ta gaya wa Inna, mahaifiyarta, Inna ta kira Kawu a Maiyama. An ce Kawu ya tsayar da Imrana a tsakar gida, a gaban ƙannensa, ya ce ya ci amanar marainiya, gonar ubanta ya wulaƙanta. An ce bai ɗaga kai ba, haƙuri kawai ya yi ta bayarwa. Ihsan ta ce bikinsa ma ba za ta je ba, ta goge lambarsa ina kallo.

Da ta kawo mini abinci sai ta zauna kusa da ni, ta ce, "Kai kag gaya mani gaskiya tun hwarko. Da na bar ka ka gyara, da yanzu na gama aikina. Ka yahe mani."

Wata guda ke nan ina jiran wannan maganar. Ga ta, har da neman gafara. Na ture shinkafar, na ce yaji ya yi yawa.

Talata, 18 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Ba ta ambaci sunansa ba yau ko sau ɗaya. Na lura har yanzu ƙirgawa nake.

Laraba, 19 ga Fabrairu, bayan azahar

Ta zo shago da hantsi, ita da ba ta zuwa. Ta bar Maryam wurin Inna. Ta ajiye kwalin a kan teburina ta ce tunda kamfani ya ƙi, ba sauran abin tsoro, in sa mata wutar. Ko wata uku ne ya ishe ta, ko mako biyu ma, ta dai fitar wa Kalilu aikinsa kafin Juma'a. Ta jawo benci ta zauna, ta ce yau za ta ga yadda mijinta ke aiki.

Na ce bulowa ta lalace. Ta dubi bulowar, ga ta a rataye da jar fitilarta a kunne. Na ce aikin yana son natsuwa, ta je gida zan kawo mata. Ta ce ba za ta yi magana ba.

Na ɗauki sukundireba. Ƙusa goma ne, na cire su ɗaya bayan ɗaya na jera a murfin gwangwani, ina neman abin da zan ce. Ina iya cewa mutanen Legas ne suka ƙona. Ina iya cewa Imrana ne ya ba wani ya gwada. Da ta yarda, a yadda take jin haushinsa ko me na ce za ta yarda. Na ɗaga murfin na juya mata bod ɗin.

Matar mai gyara ce, shekara shida tana ganin irinsu a gida. Ta daɗe tana kallon wurin. Ta sa ɗan yatsa ta taɓa busasshen man, ta kai hanci.

Na ce, "Ni nit taɓa ta. Ranar da nic ce taya ta yi hwaci."

Ta tambaya ko Imrana ya sani. Na ce tun ranar da ya kawo kwalin. Ta tambaya ko za ta tashi. Na ce a'a, ba ni ba, ba kowa ba, sai dai sabon bod. Ta gyaɗa kai. Ta goge yatsan a gefen mayafinta, a hankali, har sau uku.

Ba ta ɗaga murya ba, Yahaya da ke bayan katanga ko tari bai ji ba. Ta ce in mayar da ƙusoshin, in fito da babur, Maiyama za mu. Ta ce ni zan yi sallama, ni zan fara shiga, kuma a tsakar gida zan faɗa, a gaban ƙannen Imrana, inda aka tsayar da shi. Ta tafi gaya wa Kalilu ya kira mutuminsa, ta ce in jira ta a nan.

Kafin ta fita na ce mata, to bayan Maiyama fa?

Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba. Ta ce, "Ban kai nan ba tukuna, Surajo."

Tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa kiran sunana ba.